Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Shekarar da mahaifinmu ya cika shekara goma da rasuwa, ƙanena ya ɗauki wani tsohon hotonsa, irin baƙi da farin nan da ake ɗauka a shagon mai hoto ranar Sallah, ya kai wa wani mai zane a nan cikin garin Bauchi, ya ce a fito da shi babba da fenti. Bayan mako biyu aka kawo aiki. Kowa ya yaba. Rawani ya zauna daram, aikin wuyan riga kamar ka kai hannu ka shafa, har ɗan tabon da ke gefen girarsa yana nan. Muna cikin santi sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da suke ciki ɗaya. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta matsa kusa, ta ja da baya, sannan ta gyara mayafi ta ce, "Hancin nasa ne, idon ma nasa ne. Amma wannan ba Yaya ba ne."

Ƙanena ya ce, "Haba Gwaggo, to me ya rage?"

Ta ce, "Ɗan nan, abin ba shi da suna a bakina. Na dai duba ban gan shi ba."

Wannan abin da Gwaggo ta duba ba ta gani ba, shi ne jarin wata sana'a da na daɗe ina sha'awa. Mu a nan, kafin zuwan kyamara, ba da fenti muke ajiye manyanmu ba. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya kafa garin nan a farkon ƙarni na 19, babu wanda ya zaunar da shi ya zana. Ganuwar da ya gina, da tarihin da malamai suka rubuta, da kirarin da ake yi a fada, su suka riƙe mana shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, da ya zo a zamanin hoto, duk yaron da ya taɓa riƙe naira 5 ya san fuskarsa tun kafin a kai shi ziyarar kabarinsa. A Ingila ta ƙarni na 18, aikin nan da maroƙi da kyamara suka raba a wurinmu mutum ɗaya ke yinsa, wato mai zanen fuska. Shi zai fito da kamannin basarake yadda matarsa za ta shaida, shi kuma zai fito da kwarjininsa yadda jikokin jikokinsa za su rusuna. A cikin waɗanda suka yi wannan sana'a, babu wanda hannunsa ke burge ni kamar Thomas Gainsborough.

Ɗan mai tufafi

An haife shi a 1727 a Sudbury, wani ƙaramin gari a yankin Suffolk da ke gabashin Ingila. Mahaifinsa sana'ar kayan ulu yake yi, don haka yaron ya buɗe ido ne a cikin ƙyallaye, ya san yadda kowanne ke faɗuwa a jiki da yadda yake karɓar haske. Yana ɗan shekara 13 aka tura shi Landan, ya zauna a hannun wani Bafaranshe gwanin zane mai suna Hubert Gravelot. A 1746 ya auri Margaret Burr, wadda ke da rabon fam 200 duk shekara, abin da ya riƙe gidan kafin burushi ya fara kawo abinci.

Wajen 1750 ya yi wani zane da har yau ake tsayawa a gabansa a babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan: wani matashin mai gonaki, Robert Andrews, da amaryarsa Frances. Mijin na tsaye da bindigar farauta a hammata, kare na gefensa, matar na zaune a benci cikin shuɗiyar riga. Sai dai ya tura su duka gefe guda, ya bar fiye da rabin ƙyallen ga gonarsu: dammunan hatsi, tumaki can nesa, hadari na haɗuwa a sama. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya riga ya gane cewa mai ƙasa ba ya cika sai da ƙasarsa, kamar yadda basaraken Bauchi ba ya cika ranar hawan Sallah sai da dokinsa.

A 1759 ya koma Bath. Gari ne mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, ɗan'uwan Wikki ɗinmu na Yankari, sai dai su can sun gina birni a kansa, masu sarauta da masu kuɗi suna zuwa neman lafiya da hutu da haɗa auren 'ya'yansu. Mutum mai kuɗi, mai lokaci, mai son a gan shi, ai kasuwar mai zane ta buɗe. Kafin ya bar garin zuwa Landan a 1774, zanen mutum tun daga kai har ƙafa ya kai gini 100 a wurinsa. Gini kuɗin zinariya ne, fam ɗaya da sule ɗaya, kuma sunansa daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma ya samo shi, inda ake ɗebo zinariyar.

Duhu kafin haske

Wanda ya shiga ɗakin aikinsa a karon farko yakan yi mamaki, domin a rufe tagogi suke. Wani mai zane na zamaninsa, Ozias Humphry, wanda ya sha kallonsa yana aiki a Bath, ya bar bayanin cewa a cikin ɗan haske ƙalilan yake fara zanen mutum, har da kyar ake rarrabe abin da ke ɗakin. Sai aiki ya yi nisa sannan a ƙaro haske.

Da farko abin kamar wauta. Wa ke neman kamanni a cikin duhu? Amma ka tuna da almuru, kana zaune a ƙofar gida, wani ya taho daga masallaci can ƙarshen layi. Ba ka ga idonsa ba, ba ka ga hancinsa ba, amma ka ce, ga Malam wane nan. Me ka gani? Girman kai a kan kafaɗa, yadda wuya ya ɗan sunkuya, inda inuwa ta taru a ƙarƙashin goshi. Waɗannan su ne ginshiƙan kamanni. Hasken tsakar rana yaudara gare shi, yana jawo ido zuwa ga ƙurji da furfura da zaren hula, har mai zane ya shagala da ƙirgar gashin gira ya bar mutumin ya tsere. Gainsborough yakan kashe wannan hayaniyar tukuna, ya kama ginshiƙan, sannan ya buɗe taga don ƙawa. Magini ma sai ya tsayar da azara yake tunanin shafe.

Dabara ta biyu ita ce tazara. Yakan matso da ƙyallen har wurin da yake zana kan ya zo dab da kan mutumin da ke zaune, kai biyu gefe da gefe, na jini da na fenti. Shi kuma ya ja da baya, ya riƙa kai hannu da burushin da aka ɗaura wa sanda mai tsawon da ya kai ƙafa 6. Ta haka idonsa na ganin su biyun daga nisa ɗaya, cikin haske ɗaya, a kallo ɗaya. Duk inda suka saɓa, nan take zai gani. Ka gwada rubuta sunanka da alƙalamin da aka ɗaura a bakin sandar makiyayi, za ka san irin hannun da wannan ke bukata. Ga shi kuma fentinsa tsararo ne, yana tsinka shi sosai, har 'yarsa ta ce in bai riƙe allon haɗa launin daidai ba sai ya zube. Fenti mai ruwa ba ya jiran mai shakka. In ka ɗora, ka ɗora.

Sakamakon haka, in ka matsa dab da zanensa, musamman na ƙarshen rayuwarsa, ba za ka ga komai ba sai 'yan zane-zane da ɗige-ɗige kamar kaji sun yi tono. Ka ja da baya taku huɗu ko biyar, sai ka ga ido ya jiƙe, leɓe na shirin motsi, leshi na kaɗawa.

Awa ɗaya da minti arba'in

Fuska ba dutse ba ce. Ka zaunar da mutum ka ce kada ya motsa, bayan minti goma wanda ke gabanka wani ne daban: baki ya ɗaure, ido ya mutu, kafaɗa ta sauka. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma fuskar da aka tsare ba ta ba da labari. Saboda haka rabin sana'ar nan hira ce. Gainsborough mutum ne mai barkwanci da son kiɗa da zama da makaɗa, kuma yana da sauri. Saurin nan shi ke ba shi damar cafke mutum kafin gajiya ta sauya shi.

Shaidar da ta fi taɓa ni ita ce zanen Ignatius Sancho. Baƙar fata ne, ɗan bayin da aka kwaso daga Afirka, ya tashi a Ingila, ya nemi ilimi da ƙoƙarinsa har ya zama marubuci kuma mai tsara kiɗa, daga baya ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da aka san sun jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasar. A 1768 yana hidima a gidan basaraken Montagu, wanda shi da uwargidansa Gainsborough ya zana. Rubutun da aka samu a bayan ƙyallen ya nuna an zana Sancho a Bath ranar 29 ga Nuwamba, cikin awa ɗaya da minti arba'in.

A wancan zamani, in baƙar fata ya fito a zanen manyan Turawa, yawanci a gefe yake, riƙe da linzami ko tire, an sa shi don a nuna arzikin maigida. Wasu daga cikin masu biyan kuɗin zanen ma, dukiyarsu daga gonakin rake ta fito, inda bayi ke aiki a tsibiran Karibiyan. Amma Sancho shi kaɗai ne a nasa ƙyallen. Ba kayan barori ne a jikinsa ba. Ga jar falmaran mai bakin zinariya, ga hannu a soke cikinta yadda dattawan ƙasar ke yi, ga ido ya kalli gefe kamar an faɗi wata magana yana juya ta kafin ya mayar da amsa. Zanen yana birnin Ottawa na Kanada yanzu. Ƙasa da awa biyu, amma shekara fiye da 250 ke nan mutumin bai gama tunanin amsar nan ba.

Yadda ake zana sheƙi

Duk wanda ya taɓa ganin baƙin rawani ɗan Kura, wanda aka rina da baba aka buga har yana walƙiya, ya san cewa launinsa ba ɗaya ba ne. Inda ya lanƙwasa ya fuskanci rana kusan fari yake, inda ya nutse baƙi ƙirin, tsakaninsu kuma shuɗi ne mai ratsin ja. Ɗan koyo yakan ɗebo shuɗi ya shafe rigar duka, sannan ya yi mamakin yadda ta zama kamar bango. Gwani hasken da ya sauka a kan rigar yake bi. Yana lura da bakin kowane sheƙi: na siliki kaifi gare shi, yana yankewa farat ɗaya, na karan-miski a hankali yake narkewa, ulu kuwa shanye haske yake yi. Da wannan bambancin kaɗai ido ke sanin tsadar tufa ba tare da hannu ya taɓa ba.

A nan ɗan mai tufafi ya yi wa tsararsa nisa. Manyan masu zanen Landan da yawa fuska kawai suke yi, su miƙa wa wasu ƙwararru na daban su cika riga da labule. Gainsborough da hannunsa yake yin nasa, mataimakin da aka san shi da shi ɗaya ne, ɗan 'yar'uwarsa Gainsborough Dupont. Shi ya sa a zanensa fuska da riga da bishiyar da ke baya duk numfashi ɗaya suke yi.

Mafi shahara shi ne Yaro Mai Shuɗin Kaya, na wajen 1770: matashi a tsaye, hannu a ƙugu, hula mai gashin tsuntsu a ɗaya hannun, sanye da shuɗin siliki irin na zamanin Van Dyck, gwanin ƙarni na 17 da Gainsborough ya ɗauka a matsayin malami ko da yake ba su yi zamani ɗaya ba. Ka duba hannun rigar da kyau, za ka ga bugun burushi ne tsirara, fari a nan, shuɗi mai duhu a can, babu wanda aka koma aka lallaɓa. Da aka haska zanen da na'urar ɗaukar hoton ƙashi irin ta asibiti, sai aka ga a kan wani zanen da bai ƙarasa ba ya yi shi, har da wani kare a gefen yaron da ya shafe daga baya. Sanin abin da za a cire ma gwaninta ce. A 1921 wani attajirin jiragen ƙasa na Amurka, Henry Huntington, ya saye shi dala 728,000. Kafin a tafi da shi Kalifoniya a farkon 1922, mutum kusan 90,000 suka yi layi a Landan don yi masa kallon ban kwana, kuma sai a Janairun 2022 ya sake taka Ingila, shi ma aro.

Kayan aro

Abin mamaki, mutumin da ya yi suna da yaro cikin kayan zamanin da, shi ne ya fi kowa faɗa da sanya wa mutane kayan da ba nasu ba. Yayin da ake yi a lokacin shi ne a zana matan manya cikin lulluɓi irin na gumakan tsohuwar Girka da Rum, wai don kada zanen ya tsufa. A 1771 basaraken Dartmouth ya koka cewa zanen uwargidansa bai yi kama da ita ba. Gainsborough ya mayar masa da wasiƙu yana cewa laifin na kayan ne. An sa ta cikin shigar da ba a saba ganinta da ita ba, alhali zane ba ya magana, ba ya tafiya, balle ya ce ni ce wance. A bar shi ya mayar mata da irin kayanta da gyaran gashinta, za a gan ta. A ra'ayinsa kamanni shi ne kan gaba a wannan sana'a, sauran duk biye suke. Da Bahaushe ne da ya taƙaita: kayan aro ba ya rufe katara.

Wani ɗan Afirka ta Yamma ya riga shi faɗin haka da kusan shekara arba'in. Ayuba Sulaiman Diallo Bafulatani ne, ɗan gidan malamai daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau. Ya je fatauci bakin kogin Gambiya, cinikin da har da bayi a ciki, sai shi ma aka kama shi aka sayar, ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ita ta zama sanadin 'yancinsa, aka kawo shi Ingila a 1733, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. A shekarar ce William Hoare ya zana shi, wanda daga baya ya zama babban mai zanen manya a Bath kafin isowar Gainsborough.

Thomas Bluett, wanda ya san Ayuba ya kuma rubuta labarinsa a 1734, ya ce da farko ƙi ya yi, sai da aka tabbatar masa cewa don tunawa da shi kawai ake so. Wannan taka-tsantsan ɗin ba baƙo ba ne a wurinmu, malamai sun daɗe suna magana a kan hukuncin sura, kowa kuma da malaminsa. Da ya yarda, sai ya kafa sharaɗi: cikin kayan ƙasarsu za a zana shi. Mai zane ya ce ba ya iya zana abin da bai taɓa gani ba, sai an siffanta masa. Ayuba ya tambaye shi, to yaya wasu masu zanenku ke ƙarfin halin zana Allah, wanda babu mai ganinsa? Aka yi yadda ya so. Ga shi nan har yau, farin rawani, farar riga, Alƙur'ani cikin jar gafaka rataye a ƙirji. Duk ɗan Bauchi da ya ga zanen nan zai ce ya san wannan malamin a wani zaure. Hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ta saye shi a 2009, aka kuma ba da aronsa ga gidan adana hotunan mashahuran mutane da ke Landan.

Tsakanin gaskiya da yabo

Saura mafi wuya. Wanda ya biya gini 100 ba don a nuna masa muninsa ya biya ba. In kuma aka yi masa ƙarya, abokansa za su yi dariya a bayan idonsa. Mun ga irin haka lokacin zaɓe, in fastoci suka rufe shataletalen Wunti, an goge wa ɗan takara fuska da kwamfuta har ya koma ƙanen ɗansa.

Mawaƙan fada sun san wannan siraɗin. Abin da ya sa waƙoƙin Narambaɗa ga Sarkin Gobir na Isa suka rayu shi ne yabon ya zauna a kan mai shi, ba riga ba ce da kowane sarki zai zura. Gwanin yabo yakan nemo abin da ke akwai, ko kaɗan ne, ya tsayar da shi inda haske zai same shi. Mawaƙi ma yana da sauƙi, don in yabo ya ƙare sai ya juya ya yi wa abokin gaba zambo. Mai zane ba shi da kowa a ƙyallen sai mutumin.

Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku, ba a san ta da kyau ba, mutanen zamaninta ma sun faɗa. Da Gainsborough ya zana ta a 1781, bai sauya mata hanci ko baki ba. Ya nemo ɗan murmushin da ke ɓoye a gefen leɓenta da natsuwar tsayuwarta, ya sa ta cikin wata ƙatuwar riga mai kamar hazo da zinariya, ta zama mace mai cika ido. James Northcote, wani mai zane na lokacin, ya ce a dare ɗaya shi da ɗan 'yar'uwarsa suka zana rigar nan da hasken fitila. Gidan sarauta suka riƙe shi hannu biyu-biyu.

Duk da haka, da kujerar babban mai zanen sarki ta faɗi a 1784, Joshua Reynolds aka ba. Shi ne babban abokin hamayyarsa, shugaban farko na majalisar masu zane ta Royal Academy da aka kafa a 1768, wadda Gainsborough ma yana cikin waɗanda suka kafa ta. Reynolds malami ne, ya yi shekaru a Italiya, yana ɗaukaka mutum ta hanyar ara masa tsayuwar jaruman da. Gainsborough bai taɓa zuwa Italiya ba, abin da ke gabansa yake kallo. Akwai kuma bambancin da sai shekaru suka tona: Reynolds mai gwaje-gwajen haɗin fenti ne, har wasu fuskokin da ya zana suka koɗe tun yana raye, na Gainsborough kuwa galibi sun riƙe jininsu.

Zuciya na daji

Wani abin tausayi shi ne, gwanin fuskar nan ba fuska ce ta fi kwanta masa a rai ba. Ya rubuta wa abokinsa William Jackson, makaɗi, cewa ya gaji da zanen mutane, burinsa ya ɗauki abin kiɗansa, wani dangin goge babba da ake dafewa tsakanin gwiwoyi, ya tafi wani ƙauye ya riƙa zana itatuwa da shanu. Da dare, bayan manya sun watse, yakan jera gawayi da gansakuka da fasassun madubi da 'yan ganyaye a kan tebur, ya kunna kyandir, gawayi ya zama dutse, madubi ya zama tafki, ya zauna yana zana dajin da ya gina. Wannan ƙaunar ce ta dawo ta shiga zanen mutanensa. A zanen wasu ango da amarya, William Hallett da Elizabeth Stephen, na 1785, suna tafe da farin karensu, gashin jiminar da ke hular amaryar da ganyen bishiyar da ke bayanta kusan hannu ɗaya aka yi musu, har ba ka san inda mutum ya ƙare iska ta fara ba.

Yana da zuciya kuma. A 1784 ya nemi a rataye zanensa na manyan 'ya'yan sarki mata uku ƙasa-ƙasa a bajekolin majalisar, don a sama can laushin aikin ɓacewa zai yi. Ba a biya masa bukata yadda ya so ba, ya kwashe kayansa, bai ƙara kai musu ba, ya koma nunawa a gidansa. Ya san aikinsa da tazara yake rayuwa, bai yarda wani ya zaɓa masa ita ba.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1788, Reynolds ya aika wa ya zo. Suka gana, ya nuna masa ayyukansa. Ya rasu ranar 2 ga Agusta, aka binne shi a Kew. A Disambar shekarar, Reynolds ya tsaya gaban ɗaliban majalisar ya yi lacca guda a kan abokin hamayyarsa. Ya yi maganar 'yan ƙarce-ƙarcen nan da ke kama da haɗari in an matso, waɗanda ke haɗuwa su zama sura in an ja baya. Ya kuma lura da wani abu da ya fi wannan zurfi: da yake Gainsborough ba ya ƙarasa kowane lungu na fuska, wanda ya san mutumin yakan cika sauran daga abin da ke zuciyarsa, shi ya sa kamannin ke kama shi da ƙarfi. Yabon gwani ya zama dole, ko daga bakin kishiya.

Da na karanta wannan, Gwaggo ce ta faɗo mini. Mai zanenmu na Bauchi yana da hannu, ba na raina masa. Sana'ar ma tana da tarihi a ƙasar nan, tun daga Aina Onabolu, ɗan Ijebu-Ode da ya tafi Landan karatun zane a 1920, har zuwa ɗaliban da sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke yayewa. Abin da muka ba shi ne bai isa ba. Mun miƙa masa hoton daƙiƙa ɗaya, daƙiƙar da mai hoto ya ce wa mahaifinmu ya ɗago haɓa kada ya motsa. Shi kuma ya kwafe ta da amana, ya cike kowane gurbi, ya rufe kowace ƙofa, bai bar wa mai kallo inda zai shigo da nasa sanin ba.

Watanni bayan haka, muna zaune a tsakar gida ana hirar wani abu daban, ƙanena yana ba da labari, ni kuma ina saurare. Sai Gwaggo ta ajiye tsintar shinkafar da take yi, ta nuna ni da yatsa.

"Tsaya haka, kada ka gyara," in ji ta. "Kun gani? Haka Yaya yake yi in ana magana. Ya karkatar da kai, ya ɗan runtse idon hagu kamar mai awon hatsi. Shi ne abin da babu a hoton can."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Ka motsa," ta ce. "Ya tafi."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta.